Hambali Mai Zanen Hawaye

Idan kika yi 'yanmatancinki a Kano tsakanin zamanin matsin tattalin arzikin SAP da shigowar wayar salula, kin san aikin Baba Hambali ko da ba ki taɓa jin sunansa ba. Yarinyar nan ta bangon littafi, mai dogon wuya da dara-daran idanu, wadda ta zuba tagumi hawaye na gangaro mata har haɓa, shi ya zana ta. Saurayin da ke tsaye a bayanta cikin farar shadda, yana kaɗa mukullin mota yana kallon wani waje daban, shi ma aikinsa ne. Mijin gwaggona ne, Gwaggo Ma'u ƙanwar mahaifina, kuma a soron gidansu da ke Yakasai aka haifi yawancin waɗannan hawayen.

Asalinsa ɗan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Hammadu Nata'ala, yana rubuta Alƙur'ani da hannu, yana kuma yi wa allunan sauka zayyana. Shi ya koya wa Hambali riƙon alƙalami da haɗa launi. Matsalar yaron ita ce ba ya tsayawa inda aka tsayar da shi. A gaban allo zai yi zayyana mai kyau, a juya bayan allon sai a tarar da mai naman bakin masallaci, da wuƙarsa da hancinsa, har da ƙudan da ke binsa. Malam ya doke shi, ya yi masa nasiha, ya sake dukansa. Ya faɗa masa duk wanda ya zana mai rai, ranar ƙiyama za a ce ya busa masa rai. Hambali ya sulale ya je zauren wani malamin ya yi tambaya, aka ce masa idan ya ja layi a wuyan hoton kamar an yanka shi, to da sauƙi. Tun daga ranar bai sake zana mutum ba tare da siririn layi a wuya ba. Da ya fara zana 'yanmata sai ya rataya wa layin ɗan dutse, ya zama sarƙa. Ya ce shi dai ya bi fatawa, abin da mai kallo ya gani kuma ruwansa.

Da ya bar gaban malam, zanen allon masu aski ya koma, daga nan ya wuce gareji yana yi wa manyan motoci ado. Can ya yi suna. Zaki ya danne mafarauci, mikiya ta suri maciji, a ƙasa kirarin direba. Sai SAP ta zo, motoci suka hau kan duwatsu don babu kayan gyara, kuma mai motar da ba ta da taya ba ya neman zaki. A daidai lokacin ne samari da 'yanmatan Kano, waɗanda suka gama makaranta suka rasa aikin yi, suka shiga rubuta labaran soyayya suna kaiwa a buga musu. Alhaji Tanko, mai shagon littattafai a bakin kasuwa, yana cikin waɗanda suka fara karɓar irin waɗannan labaran suna bugawa. Shi ya samu Baba Hambali a gareji yana gyangyaɗi a inuwar wata matacciyar tirela.

"Ka iya zana mace?" in ji Alhaji Tanko.

"Na zana zaki, mace ce za ta gagare ni?"

Ya zauna ya zana ɗaya a bayan kwalin sigari. Wannan ɗayar ce ya yi ta maimaitawa sama da shekara ashirin, sai dai ya canza mata ɗankwali.

Ba ya karanta littafin da zai yi wa bango. Cewa yake karatu aikin mai saye ne. Marubuci zai shigo soro da tarin takardunsa a hammata, ya durƙusa ya gaishe shi, ya gyara murya zai fara ba da labari, sai Baba Hambali ya ɗaga masa burushi.

"A ƙarshe ta mutu ko ta yi aure?"

Idan ta mutu, hawaye ido biyu, da baƙin gajimare a sama. Idan ta yi aure, ido ɗaya, da jan fure a hannu. Idan marubucin ya ce ai labarin barkwanci ne, babu mai kuka a ciki, sai Baba ya ce to na farin ciki ne, ya ɗiga mata.

Namiji kuwa a wurinsa iri biyu ne, ko mai mukulli ko mai takobi. Mai takobin na littattafan jarumta ne, waɗanda aka ce su ne na maza. Ƙirjinsa kamar an jera buhun gero biyu, damatsansa sun fi kansa girma, yana taka wani dodo. A irin wannan bangon ma akwai mace, amma ko dai an ɗaure ta a jikin bishiya tana jiran a kwance ta, ko kuma aljana ce mai kofato.

Akwai wani malamin firamare daga Dala, Salihu, siriri mai sanyin murya, da ya rubuta labarin wani saurayi da budurwarsa ta yaudare shi. Saurayin ya fara kuka a shafin farko bai tsaya ba sai da littafin ya ƙare. Ranar da Salihu ya zo karɓar bango ina gidan, ina jin su ta bayan labule.

"Malam Hambali, ai shi ne yake kukan. Ita ce ta gudu ta bar shi."

"To ai nadama take yi."

"Kuma ba shi da mota. Keke gare shi."

"Mukullin keken ne."

Salihu ya ɗauki kwalin zanensa ya yi godiya ya fita. Littafin ya yi kasuwa sosai, kuma har yau Baba Hambali ya yi imani mukullin ne ya sayar da shi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa raga masa ba, wato Gwaggo Ma'u. Ita injin markaɗe gare ta a tsakar gida, matan unguwa suna kawo mata wake da kayan miya da gero tun hantsi har la'asar. Kakkaura ce, gajera, muryarta ta fi ta injin ƙarfi don ta saba magana a kansa. A iya sanina sau ɗaya na ga hawayenta, ranar da attaruhu ya fantsar mata a ido, kuma attaruhun ne ya sha zagi. Takan leƙo soro da hannunta duk ƙullu ta tsaya a kan mijinta.

"Malam, wannan 'yar taka mai wuya kamar muciya, ta ina tuwo yake wucewa? Kuma me aka yi mata ne kullum? Ko kai ne ka hana ta abinci?"

"Ke ba ki san fasaha ba, Asma'u. Mace a bango ado ce."

"Ni kuma a gidan nan mece ce, janareta?"

Mu dai 'yanmatan lokacin ba mu ga laifin bangon ba. A ƙarƙashin hijabi muke karanta littattafan a aji, muna karɓar haya muna musaya har bangon ya yi laushi kamar tsumma. Na sha ɗaukar madubi ina gwada tagumin nan, ina son in fito da hawaye ba tare da fuskata ta yamutse ba. Ba ya yiwuwa. Duk lokacin da na yi kukan gaske, hancina ne yake fara zuba. Yayyena maza su ma suna karantawa, har sun fi mu ci, amma babu wanda zai yarda a gan shi a majalisa riƙe da yarinya mai kuka. Sai su lulluɓe bangon da takardar buhun siminti su rubuta Lissafi a kai. Mahaifinmu ya daɗe yana mamakin yadda gidansa ya cika da masu son lissafi amma babu mai cin jarrabawarsa.

Wajen 2007 zuwa 2008 aka taso marubuta a gaba. Aka yi ta wa'azi cewa littattafan nan su ke ɓata tarbiyyar yara, aka ƙona wasu, masu bugawa suka shiga zullumi. Alhaji Tanko ya kwaso tsofaffin kwalayen zane ya jibge a soro ya ce a yi musu gyara kafin a sake bugawa. Baba Hambali ya haɗa fenti ruwan toka mai yawa ya bi 'yanmatansa ɗaya bayan ɗaya yana zura musu hijabi, tun daga goshi har ƙasan kwali. Ido kawai ya bari, da hawayen. Saurayin kuma ya ƙara masa gemu, ya ba shi carbi, amma mukullin na nan a ɗaya hannun. Gwaggo ta duba ta ce ma sha Allah, yanzu kuka take yi bisa sunna.

Abin da wa'azi bai yi masa ba, kwamfuta ta yi. Masu haɗa bango a kwamfuta suka buɗe shaguna, su yanko hoton wata Ba'indiya ko Balarabiya wadda dama tana cikin kukanta, su liƙa mata mota a baya, kafin ka sha shayi an gama. Baba Hambali ya ce wannan sata ce, kuma hawayen ma na ƙarya ne. Aiki ya ja baya, sai jefi-jefi.

Sai Juma'ar nan ta watan Janairun 2012, da bama-bamai suka tashi a Kano da yamma. Ba sai na faɗa wa ɗan Kano yadda ta kasance ba. Kowa yana da wanda ya fita bai dawo ba, ko ya san gidan da aka yi haka. Ƙanin Alhaji Tanko, Ɗanjuma, wanda yake kai wa Baba kwali da fenti a kan babur, yana cikinsu. Aka sa dokar hana fita, aka kafa shingaye, masu babur suna sauka suna turawa. Wata rana jami'an tsaro suka tare Baba Hambali a wani shinge da buhu cike da gwangwanayen fenti, a lokacin da gwangwanin lemo ma abin tsoro ne. Suka ja da baya suka sa shi ya kwanta rubda ciki a kan kwalta, sannan ya buɗe gwangwanayen da kansa ya tsoma yatsa a kowanne. Ya dawo gida yatsunsa kala-kala, kuma daga ranar ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ya zabura.

Lokacin ina koyarwa a wata makarantar 'yanmata. Ɗaya daga cikin ɗalibaina ta ba ni labarin yadda Juma'ar ta same ta. Ta kai ƙaninta wajen mai ɗori a Ƙofar Dawanau don ya karye a ƙafa, suna can abin ya faru. Babu mota, babu babur, waya ba ta shiga. Ta goya shi ta ratso gari da ƙafa, lungu-lungu, tana roƙon ruwa, tana faɗa da masu rufe ƙofofin unguwa, har ta kawo shi gida. Na rubuta labarin don 'yanmata sa'o'inta, na canza mata suna na kira ta 'Yardada. Alhaji Tanko ya yarda zai buga. Mai kwamfuta ya bincika ya ce shi a duk hotunansa babu Ba'indiya mai goyo. Shi ya sa na nufi Yakasai.

Baba Hambali ya ji daɗin ganina da takardu. Ya gyara zaman hularsa ya ɗaga min burushi.

"Ta mutu ko ta yi aure?"

"Ba ta yi ko ɗaya ba, Baba. Ta kai ƙaninta gida."

"Sai kuma me?"

"Sai ta yi wanka ta ci abinci."

Ya sauke burushin. "Maimunatu, wannan ba littafi ba ne, aike ne."

Na yi masa bayanin abin da nake so dalla-dalla. Yarinya tana tafiya, ƙaninta a baya, takalmi a hannu. Ya ce ya gane sarai. Da na koma ranar Talata da yamma sai na tarar da tsohuwar 'yarsa a kan kwali, ta zuba tagumi, hawaye ido biyu. Abin da ya canza kawai, gajimaren ya zama hayaƙi. A gabanta ga saurayi cikin farar shadda.

"Baba, ina ƙanin?"

"Zai ɓata mata kwalliya."

"Wannan kuma waye?"

"Wanda zai cece ta."

"Ai babu shi a littafin."

"To ki sa shi mana, ai ba a buga ba tukuna."

Na ce masa yarinyar da na sani ba ta da lokacin tagumi. Ya ce ni malamar makaranta ce, ban san kasuwa ba. Ya ce mace idan ba ta kuka a bango, mai saye zai ce to me zai tausaya wa. Na buɗe baki zan ba shi amsa sai muka ji wata ƙara, dam, har ƙasa ta amsa, ƙofar soron ta kaɗa.

Ni dai na tsinci kaina kwance a ƙasa, kumatuna a kan tabarma, ina salati. Da na ɗago kai babu Baba Hambali a soron. Injin markaɗe ya yi shiru. Sai ga Gwaggo Ma'u ta fito, ta ɗaure ƙugu da mayafi, ta tsallake ni kamar tabarmar ce.

"Yara suna Islamiyya," in ji ta. "Tashi ki kula da gida. Ki kuma zaro min babanki daga akurki kada ya fasa min ƙwai."

A akurkin na same shi, rabinsa na sama a ciki, ƙafafunsa a waje, kaji suna ta kururuwa a kansa. Na ce Baba fito, Gwaggo ta tafi ɗauko yara. Ya fito da baya da baya, gashin kaza a hularsa, ya biyo ni muka tsaya a bakin ƙofa.

Lungun ya cika. Masu shaguna suna ja da ƙofofi, wasu mazan suna gudu suna kiran sunayen 'ya'yansu. Amma abin da ya fi yawa mata ne, kuma wajen da ƙarar ta fito suka nufa, don ta can makarantar take. Wata da ludayi a hannu ta manta ba ta ajiye ba. Wata ta yafa zanin gado. Wata tsohuwa da ban taɓa ganinta a waje ba tana ture samari da gwiwar hannu tana cewa su ba ta hanya. 

Ba a jima ba aka fara dawowa, kuma labari ya riga su isowa cewa taransifomar bakin titi ce ta fashe. A shekarar ba a saurin dariya, sai da kowa ya ga nasa. Gwaggo ce kusan ta ƙarshe. Jikanta a baya, ɗan maƙota a kafaɗa, wasu yaran da ban ma san na waye ba sun riƙe mata zani ta ko'ina. Ƙafarta ɗaya babu takalmi, ta taka kwata har idon sawu. Gumi yana zuba, fuskarta a murtuke, tana tsine wa wutar lantarki da wanda ya ƙirƙiro ta, wutar da ba a kawowa sai ranar da za ta kashe mutane da tsoro. Baba Hambali ya bi ta da ido tun daga bakin lungu har ta zo ta gabansa.

"Ni ma da na fita," in ji shi. "Takalmina na shiga nema."

"A akurki?"

"Kajin nan naki babu abin da ba sa ja."

Ta sauke yaran ta wuce ciki. Shi kuma ya koma soro ya zauna a gaban kwalinsa. Da zan tafi sai ya kira ni.

"Ita yarinyar taki, haka fuskarta take?"

Na ce kusan haka. Ya ce gobe in zo in karanta masa, don shi idonsa ba ya son ƙananan baƙi.

Haka na riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta ina karanta masa. Shi ne littafin farko da ya taɓa sanin abin da ke cikinsa, kuma bai saurara cikin ladabi ba. Kowane shafi sai ya tsayar da ni. Nan ai ya kamata ta yi kuka. Nan ai ya kamata wani ya tsaya da mota. Wannan mai unguwar da ya hana ta wucewa, ya san irinsa, da shi ne da ya mare shi. Sai muka zo inda 'Yardada ta tarar da wani dattijo zaune a bakin kwata, ya cire hula yana kuka kamar yaro, yana tambayar duk wanda ya wuce ko ya ga ɗansa mai babur. Nan bai tsayar da ni ba. Ya tashi ya shiga wanke burushin da ya riga ya wanke, ya juya min baya, ya ce in ci gaba yana ji.

Zanen ne ya ba shi wuya. Hannunsa fuska ɗaya ya sani. Zai fara da niyya mai kyau, kafin ya ankara wuyan ya miƙe, idon ya yi rau-rau, hannun yarinyar ya kama hanyar kumatu. Ya ɓata kwali ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe ya haɗiye girman kai ya leƙa tsakar gida.

"Asma'u, zo ki tsaya min. Ki goya filon nan."

"A kan me?"

"Aiki ne. Kuma ki ɓata rai."

"Wannan mai sauƙi ne, kallonka kawai zan yi."

Ta tsaya masa da filo a baya, masu markaɗe sun yi layi suna leƙe suna dariya, tana yi musu tsawa ba tare da ta juya kai ba. Abin da ya fito a kwalin ba Gwaggo ba ce, don yarinya ce 'yar sakandare. Amma wuyanta na mai cin tuwo ne. Ta ɗan sunkuyo saboda nauyi, hijabinta ya karkace, takalmanta a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya tallafo ƙafar ƙanin mai karan ɗori. Tana kallon mai kallonta kai tsaye, kamar ta ce matsa.

Muka kai wa Alhaji Tanko tare. Ya riƙe kwalin nesa da fuskarsa.

"Malam Hambali, wannan ai kamar za ta mare ni."

"Idan ka tare mata hanya."

"Ina saurayin?"

"Yana akurki," in ji Baba, bai ko yi murmushi ba.

Alhaji Tanko ya ce wannan bangon littafin makaranta ne, 'yanmata ba za su saya ba. Na ce idan ba da shi ba, a ba ni takarduna. Aka yi ta ja har ya sakko, da sharaɗin mai kwamfuta zai rubuta sunan littafin da ruwan hoda ya kuma liƙa fure a kusurwa. Haka aka buga shi, 'Yardada tana ratsa hayaƙi, ga wani jan fure yana shawagi a saman kanta babu dalili.

Zan so in ce littafin ya ƙare a mako guda, amma ba haka aka yi ba. A hankali ya riƙa tafiya. Masu shagon haya suka ce 'yanmata suna ɗauka su juya su tambaya ko na soyayya ne, a ce a'a, su ajiye. Waɗanda suka karanta kuwa sun riƙa turo ƙawayensu. Ɗalibaina sun yi ta gardama a kan wa yarinyar ta yi kama da ita, kowacce tana cewa yayarta ce ko babarta. Na kuma ga wani saurayi a cikin adaidaita sahu yana karanta shi a fili, bangon a waje, ko a jikinsa.

Da bugun farko ya ƙare, Alhaji Tanko ya sake bugawa bai faɗa wa kowa ba. Sai gani na yi a kasuwa, sunana a ƙasa, a sama wata Ba'indiya tana sharɓar kuka kusa da baƙar jif. Kuma gaskiya ita ce wannan bugun ya fi na farko saurin tafiya. Ni na yi fushi na kwana biyu na haƙura. Baba Hambali ne bai haƙura ba. Ya sa babbar riga ya taka har bakin kasuwa, ya tsaya a ƙofar shagon yana ɗaga littafin sama, mutane suka taru.

"Alhaji, a wane shafi ta yi kuka? Nuna min! Wace mota? Yarinyar da ta ratso gari da ƙafa ka ba ta jif? Kai ka ma karanta littafin kuwa?"

Alhaji Tanko ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Malam Hambali, ni da kai wa ya koya wa wani?"

Baba ya ce wannan ba amsa ba ce, ya kaɗe rigarsa ya dawo gida. Sun yi wata da watanni ba sa gaisawa, sai a wajen wata jana'iza aka sasanta su. Amma bai sake yin bangon littafi ba, kuma ba don fushi kaɗai ba. Matasa sun koma karatu a waya, inda labari ba ya buƙatar bango.

Yanzu katangar makarantu masu zaman kansu yake yi wa zane, irin na 'yan nazare da firamare: lemo, ayaba, jirgin sama, taswirar Najeriya. Gwiwa ta hana shi hawa tsani, don haka duk abin da ya zana tsayinsa ɗaya da shi. Kwanakin baya wani mai makaranta a Dala ya ba shi aikin katanga guda, ya ce a zana asibiti don yara su yi sha'awar karatu. Baba ya zana likita mace da abin awo a wuya, ya zana nas mace riƙe da allura, ya zana mai ba da magani ita ma mace. Mai makarantar ya zo dubawa ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, aiki ya yi kyau. Amma makarantar nan fa har da yara maza. Ba ka sa namiji ko ɗaya ba."

"Na sa mana."

"Ina?"

Baba Hambali ya nuna da burushi. "Ga shi nan a kan gado. Shi za a yi wa allurar."